Mushen da Baffa Ya Feɗe

Ranar da direba ya shigo da mushen karsanar a bayan mota, Baffa bai ko taɓa ta ba ya ce a mayar da ita inda ta fito. Da sandarsa ya ɗaga gefen tamfol ɗin, ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sake shi. Ina tsaye a ƙofar kicin, na ga yadda ya ja da baya taku biyu, ya goge tafin hannunsa a rigarsa alhali babu abin da ya taɓa.

Baffa ƙanin mahaifin maigidana ne. Shekara arba'in ya yi yana fawa kafin gwiwa ta hana shi tsayuwar rumfa. Tun da ya dawo ɗakin da ke bayan gidanmu, wanda bango ɗaya ya raba da kejin karnuka, aikinsa ɗaya ne. Duk dabbar da ta mutu a gidan gonar maigida nan ake kawo ta, Baffa ya feɗe, ya yayyanka, a ɗura a leda a cusa a firiza, karnuka su yi ta ci har ta ƙare. Su uku ne, irin manyan nan masu gashi da ake sayowa daga waje, kowanne da kwanonsa da katin asibitinsa. Maigida yarana yake ce musu, babban kuwa Janar ya raɗa masa. In ka gan shi da yamma yana taje wuyan Janar, sai ka rantse shi ya haife shi.

Mutumin da wuƙarsa ba ta taɓa shiga jikin mushe ba, shi aka mayar mai fiɗar mushe, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba sai ranar nan.

Maigida ya fito da waya a kunne, ya yi masa alama da hannu ya jira. Tsoho ya jira. Da aka gama wayar, Baffa ya yi masa bayani a tsanake, yadda yake yin komai. Ya ce a dubi hancinta da bayanta, jini ne ke tsiyaya, baƙi ƙirin, ya ƙi daskarewa. Tun da sassafe ta faɗi, ga shi rana ta take, amma gaɓɓanta ba su sandare ba, ciki kuwa ya riga ya kumbura. Ya ce ciwon saifa ke nan, kuma abu na farko da aka koya masa a rumfa shi ne irin wannan ba a buɗe ta. Likitan dabbobi ake kira, a ƙone ta a inda ta faɗi, ko a tona mata rami mai zurfi. Direba ma ya sa baki, ya ce makiyayin gonar ya ƙi taya shi ɗagawa, sai da igiya ya jawo ta cikin mota.

Maigida ya yi dariya, irin dariyar nan tasa ta raina wa mutum hankali.

"Baffa, ai ba ci za ka yi ba, yanka kawai za ka yi. Cikin kare kuma ba irin namu ba ne. Karnukan daji me suke ci in ba mushe ba?"

"Ba karen kaɗai nake ji ba, ɗana," in ji Baffa. "Wannan cutar a jini take. Duk inda ya ɗiga, ƙasar wurin ta ɗauka ke nan, shekara da shekaru."

Nan maigida ya sauya murya. Ya ce hukuma in ta shigo maka gida ba ta san hanyar fita ba. Da zarar an kira likita, za a killace gonar, a hana shi fitar da madara da dabba ko guda na tsawon watanni. Daga nan sai a tambaye shi sauran dabbobin da suka mutu a baya ina ya kai su, tunda doka ta hana a fitar da mushe daga gona, balle a kai shi cikin gari a ba karnuka. Ya ce duk wannan a kan karsana ɗaya? Sannan ya faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta.

"Tsufa ne ya kawo maka tsoro. In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, sai mu san abin yi."

Ni da Baffa duk mun gane abin da ake nufi da "mu san abin yi". Ɗakin baya ake nufi, da kwanon abincin da nake kai masa sau uku a rana. Ba shi da wani wurin da zai je, kuma maigida ya san haka fiye da kowa.

Safar hannu kawai ya roƙa. Akwai dogaye na roba a gidan, amma na wankan karnuka ne, maigida ya ce kar a ɓata su da jini. Baffa ya ɗaura ledoji a hannuwansa, kafin ya gama tsaga fatar ciki sun yage. Ya hana ni matsowa. Daga tagar kicin na ga lokacin da ya ciro saifar, ta kusa kai tsawon hannunsa, baƙa, ruɓuɓus, tana neman narkewa tsakanin yatsunsa. Ya ajiye ta gefe, ya kau da kai ya tofar da yawu.

Fatar ta dakushe masa wuƙa, ya ɗauko dutsensa ya wasa ta. Sai kuma ya yi abin da yake yi duk ranar Allah tun yana saurayi, ya ɗora kaifin a damtsensa na hagu ya aske gashi, don ya ji ko ta kama. Duk mahauci haka yake gwada wuƙa. Hannun Baffa na hagu ma ba ya tara gashi saboda wannan. Sabo turken wawa, in ji masu magana, duk da Baffa ba wawa ba ne, hannu ne ya riga hankali. Yana yi ya tuna abin da ke jikin wuƙar. Na ga ya daskare a tsugune, ya ƙura wa hannun ido. Ya tashi ya je bakin famfo ya dinga cuɗa shi da sabulu, har sabulun ya kusa ƙarewa. Ɗan ƙarzane ne, ko jini bai yi ba.

Da ya gama aikin ya sa na tafasa ruwa tukunya uku, shi da kansa ya kwarara a wurin. Ya ce kar in sake taka nan da ƙafa babu takalmi. Da yamma karnuka suka ci suka ƙoshi, maigida na tsaye yana kallonsu yana murmushi.

Kwana biyu shiru, har na fara cewa a raina ko dai tsoron tsufan ne da gaske. A rana ta uku na kai masa shayi na tarar yana susa. Ɗan ƙurji ne kamar cizon sauro, daidai inda wuƙar ta bi. Ya ja hannun riga ya rufe, ya tambaye ni ya yara a makaranta, ko sun bugo waya. Na ce lafiya suke. Ba mu yi maganar ƙurjin ba, amma shayin nan har ya huce bai sha ba.

A rana ta biyar ƙurjin ya ɗuri ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta lotsa ta yi baƙi kamar gawayi, gefe kuma ƙananan ƙuraje sun kewaye shi. Hannun ya fara hawa. Baffa ya sa wankakkiyar rigarsa, ya zauna a benci kusa da mota tun da safe yana jiran maigida ya fito. Ya nuna masa. Ya ce ya taɓa ganin irinsa sau biyu a rumfa, ɗaya ya je asibiti da wuri ya dawo bakin aikinsa, ɗayan bai je ba. Bai faɗi yadda na biyun ya ƙare ba, babu kuma wanda ya tambaya.

Maigida ya leƙa daga nesa, hannu a aljihu. Ya tambaye shi ko yana masa zafi. Baffa ya ce a'a, ai shi ya sa yake tsoronsa, wannan ciwon ba ya zafi.

"To ka gani. Abin da ba ya zafi ne za mu tayar da hankalinmu a kai? Maruru ne, zai nuna ya fashe."

Ya aiki direba kemis. Aka kawo man shafawa da ƙwayar zazzaɓi, daga hannun wanda bai ga ciwon ba, bai kuma tambaya ba.

Da maigida ya dawo da yamma ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce daga yau kar a ƙara ba karnuka naman nan, ya sayo musu buhun abincinsu na kanti yana bayan mota. Ya karɓi makullin firizar ya sa a aljihu. Ashe ya yarda da maganar Baffa. Ya yarda da ita a kan karnuka, bai dai yarda da ita a kan Baffa ba. Na ce masa tunda haka ne a kai tsoho asibiti gobe. Ya ce ya bincika, wannan cutar tana cikin waɗanda doka ta tilasta wa asibiti ya sanar da hukuma a ranar da aka gan ta. Suna ganin hannun za su tambayi wace dabba ya taɓa, daga nan sai gona, daga gona sai kotu. Ya ce yawancin masu irin ciwon suna warkewa da kansu, ya karanta da idonsa. Na tambaye shi sauran fa, waɗanda ba yawancin ba? Ya ce in daina yi wa baffansa mugun baki.

"Ki ba ni sati ɗaya. In bai faɗa ba, ni da kaina zan nemo likitan da zai zo gida, wanda bakinsa ke rufe."

Na ba shi satin. Ina faɗin wannan ne don kar wani ya ɗauka ni ce ta kirkin labarin. Na ji tsoro, na fita na dafa abincin dare.

Washegari na kira yayar maigida, wadda duk gidan Yaya muke ce mata. Ita ce babba, ita kaɗai yake jin maganarta, kuma Baffan nata ne ita ma. Na ɗauka in ta ga hannun nan za ta ɗaga gidan a kai. Ta zo da rana, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta toshe hanci da gefen mayafi saboda warin keji. Ta gaishe shi daga nan. Ta ce cizon gizo-gizo ne, maƙwabciyarta ta taɓa yin irinsa, ta kuma zo da wani ƙullin gari da za a kwaɓa a shafa. Baffa ya yi godiya, ya sa mata albarka.

A falo ta zaunar da ni. Ta ce cikin dangi kaf wa ya ɗauki Baffa in ba ƙaninta ba? Shekara shida ana ci da shi ana sha da shi, ko kwabo ba a taɓa tambayarsa ba. Yanzu don ɗan ƙurji sai a rushe gonar da mutum goma ke ci a cikinta? Ta ce shi ma Baffan da laifinsa, mahauci guda ya yanki kansa kamar sabon shiga. Ta ce komai da lokacinsa, wanda kwanansa ke gaba ko a bakin kura yake zai fito. A ƙarshe ta dafa gwiwata ta ce mace tagari rufin asirin gidanta ce, kuma in tuna ni shigowa na yi, su kuwa jini ɗaya ne. Ta ci abinci, ta yaba girkin, ta tafi. Ban taɓa jin tsanar wani mutum ba kamar yadda na ji tata a ranar, kuma har bakin ƙofa na raka ta ina ce mata a sauka lafiya.

A rana ta bakwai kumburin ya wuce gwiwar hannu. Kaluluwa ta fito masa a hammata kamar ƙwan kaza, jikinsa ya ɗauki zafi. Garin maganin Yaya ya bushe a kan ciwon ya tsattsage, baƙin ɓawon na leƙowa ta ƙarƙashi, ya ƙara faɗi. Da hantsi, bayan maigida ya fita, na ji ƙarar sanda a tsakar gida. Baffa ne, ya sa hularsa, ya rataye hannun a wuya da tsumma, yana bin bango. Ya ce zai je bakin titi ya nemi abin hawa, zai ce musu a bola ya tsinci dabbar, ba zai ambaci gonar kowa ba. Daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida taku talatin ne. Bai kai ba. Gwiwa ta ƙi, ya zame ya zauna a ƙasa kusa da tukunyar fulawa, yana haki.

Wayata na hannuna. Lambar mai tasi na ciki. Na tsaya a kansa ina kallon wayar, ina kallon ƙofa, ina jin maganar Yaya a kunnena. Shi ya ɗago ya dube ni, idonsa jajur, ya gane abin da nake aunawa.

"Bari, 'yata. Kar ki kashe aurenki a kan tsohon da ya riga ya ci zamaninsa. Kama ni mu koma."

Na kama shi muka koma. Shi ya ba ni uzurin, ni kuma na karɓa da hannu biyu, don dama shi nake nema. Na shimfiɗa shi, na jiƙa tsumma na ɗora masa a goshi. Ta bayan bango karnuka na ta zirga-zirga a keji, farcensu na karce siminti.

Da maigida ya dawo na faɗa masa abin da ya faru. Bai tambayi jikin Baffa ba. Ya tambaya ko wani maƙwabci ya gani. Ya ce saura kwana biyar satinsa ya cika, kuma zazzaɓi alama ce jiki na yaƙi da cutar. Daga nan ya wuce keji da buroshi.

Safiyar rana ta takwas sai da na sa almakashi na tsaga hannun rigar, don ya matse naman. Kumburin ya kai kafaɗa yana hawa wuya, fatar na sheƙi. Ruwa ma da cokali yake shiga. Yana ta magana da mutanen da ba sa ɗakin, yana ce wa wani ya riƙe ƙafar baya da kyau, yana ce wa wata tsokar nan ba ta ragi. In ya dawo hayyacinsa sai ya ba ni haƙuri a kan wahalar da yake ba ni.

Ina ɗakin na ji maigida na kiran direba da wata murya da ban taɓa jin ya yi ba, ko ranar da ƙaramar 'yarmu ta faɗo daga bene. Na fito da gudu. Janar ne. Ya ƙi tashi, ya ƙi abinci, maƙogwaronsa ya kumbura, yawu na dalala daga bakinsa. Maigida na durƙushe a cikin keji da kayan ofis, ya ɗora kan karen a cinyarsa. Minti goma ba a yi ba ya kira likitan dabbobi. Kafin awa ɗaya mota ta tsaya a ƙofar gida.

Kafin likitan ya shigo, maigida ya ce in ja ƙofar Baffa in rufe, in kuma koma kicin. Na ja ƙofar. Kicin ne ban koma ba.

Likitan dattijo ne mai ƙarancin magana, shi ke zuwa duk wata yi wa karnukan rigakafi. Ya sa safar hannu, ya taɓa wuyan Janar, ya buɗe bakinsa, ya auna zafin jikinsa. Ya tambayi abin da ya ci. Maigida ya nuna masa buhun kanti. Likitan ya dubi buhun, ya ga ko rubu'i ba a ci ba, ya tambaya kafin buhun fa? Maigida ya ce nama ne na kasuwa, mai kyau. Likitan ya ce naman kasuwa ba ya kumbura wuyan kare haka, kuma in ba a gaya masa gaskiya ba zai yi magani ne a makance. Ya tambaya ko wata dabba ta faɗi a gona kwanan nan. Maigida ya ce ko kaza ba ta mutu ba. Direba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Likitan bai ja maganar ba. Ya zuƙi allura ya yi wa karen, ya ce zai dinga zuwa kullum har kwana biyar. Ya cire safar, ya tambaye ni inda zai wanke hannu. Famfon yana daidai ƙofar Baffa. Na miƙa masa sabulu. Yana cuɗa hannu, nishin tsoho na fitowa ta ƙasan ƙofa, a hankali, ba ya yankewa. Likitan ya dakata. Daga cikin keji maigida ya ce baffansa ne, ciwon tsufa ke damunsa.

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga ƙofar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Likita, akwai wani mara lafiyar."

Ya fara cewa shi na dabbobi ne, sai idonsa ya sauka a kan hannun. Bai ƙarasa ba. Ya koma jakarsa ya sa sabuwar safa, ya shiga ya durƙusa a gaban katifar. Ya duba hannun tun daga damtse har wuya. Da ya yi magana, ba ni ya kalla ba, maigida ya kalla, wanda ya zo ya tsaya a bayana har ina jin hucinsa a wuyana.

"Kwana nawa?"

"Jiya-jiya ya fara," in ji maigida.

"Yau kwana takwas da ya feɗe ta," na ce. "Karsana ce. Sauran naman na cikin firiza, makullin na aljihunsa."

Likitan da direba suka ɗauki Baffa a cikin bargo. A motar likitan aka sa shi, domin maigida bai ce a fito da tasa ba. Na shiga baya na riƙe kansa. Muna fita na waiga, na ga maigida ya koma keji.

A asibiti aka ware masa ɗaki shi kaɗai, aka rataya masa ruwa da allurai. Likitar da ta karɓe shi ta tambaye ni me ya hana a kawo shi tun ranar da ɓawon ya yi baƙi. Ta ce cutar ta riga ta shiga jini, za su yi iya ƙoƙarinsu. Ta ce da a farko ne, magani ne mai sauƙi wanda babu ƙaramin asibitin da ba shi da shi, ko kwana ba zai yi ba.

A rana ta biyu ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya gane ni. Ya tambaya ko hukuma ta je gona. Na ce ta je. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa.

"Ki ce wa ɗana ya yafe mini. Ni na jawo masa, da hannuna."

Ban isar da saƙon ba, kuma ba zan isar ba. Washegari da la'asar Baffa ya cika.

Hukuma ta yi duk abin da maigida ya ce za ta yi. Aka killace gona, aka yi wa shanu allura, aka tono inda direba ya binne fatar aka ƙone. Mutane masu fararen kaya da takunkumi suka zo gidan suka tafi da firizar, suka farfasa simintin da aka yi fiɗar a kai suka kwashe. Duk wanda ke gidan aka ba shi ƙwayoyi. Kotu ta ci maigida tara a kan fitar da mushe da ɓoye cuta, ya biya a rana ɗaya. A kan kwana takwas ɗin da Baffa ya yi a ɗakin baya kuwa, babu wanda aka tuhuma. Wai ba a kulle shi ba, ba a ɗaure shi ba, babba ne mai hankalinsa, da ya so da ya fita.

Masu ta'aziyya suka cika falo. Na ji da kunnena ana cewa samun ɗa kamar maigida sai an tona, ya riƙe baffansa har ƙarshe. Yaya na tsakiya tana share hawaye, tana ba da labarin maganin da ta kawo masa da hannunta. Ni ce ba a gaisarwa. Ni ce bare da ta kira wa gidan mijinta hukuma. Maigida ya daina cin abincina, in mun haɗu a tsakar gida sai ya bi ta gefe. Ban damu da fushinsu ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne abin da suke zargina da shi na yi shi ne a makare. Da na ci amanar gidan nan tun a rana ta biyar, da yanzu Baffa na zaune a bencinsa yana shan shayi.

Babu wanda ya ɗaga wa tsohon nan hannu. Kowannenmu dalili ya kawo, mai kyau, mai kama hankali. Ɗaya yana kare gona, ɗaya tana kare zumunci, ɗaya tana kare aurenta. Muka yi ta kai masa abinci sau uku a rana muna tambayarsa ya jiki, yana cewa da sauƙi.

Likitan dabbobin ya cika alkawari, ya zo kwana biyar a jere. A rana ta ƙarshe Janar ya tashi ya cinye kwanonsa tas, yana kaɗa wutsiya. Na tare likitan a bakin mota na tambaye shi wace irin allura ce ya yi wa karen. Ya rufe jakarsa. Sannan ya ce irin wadda aka yi wa Baffa ce a asibiti, babu bambanci. Shi dai karen an kira masa likita ne tun ranar da ya ƙi cin abinci.